Ƙugiyoyin da Suka Zube daga Littafin Malam Badamasi

Ku gyara zama, ga wata na zo muku da ita, kuma tun yanzu ina gaya muku ba a bakina za ta ƙare ba, a bakinku ne. Mai saurin yanke hukunci ya riƙe harshensa har in kai aya, don na san halinku, ba a gama ba ku labari kun fara raba gardama.

A garinmu, Gangaren Marke, akwai wani dattijo, Malam Badamasi, tsohon malamin daji. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana zagaya gandun daji, ni kuwa a ƙarshen aikinsa ni nake tuƙa motar ofishinsu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Mutum ne mai taurin kai da son a yi abu daidai, har yakan gundure ni. Duk ƙauyen da muka sauka, kafin ya nemi ruwan sha sai ya nemi tsohuwar da ta fi kowa sanin itatuwa, ya durƙusa gabanta da littafi da biro. Wannan saiwar me take yi, wannan ɓawon yaya ake jiƙa shi, wa ya taɓa sha ya ji jiki. Da ya yi ritaya aka sallame shi da kwamfuta irin ta kan tebur, ya zauna da yatsa biyu yana juye littattafan nan a cikinta har shekara shida. Shafi ɗari huɗu da 'yan kai ya tara.

To, injin nasa bai san harafi mai ƙugiya ba. Wani ya koya masa dabarar da ake yi a lokacin: a sa wani salon rubutu na musamman, in ka danna q ya fito maka da ƙ, x ya ba ka ɗ, v ya ba ka ɓ. A injinsa komai lafiya lau. Ranar da ya ɗauki aikin a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya kai shagon buga takardu na bakin kasuwa, don a fitar masa da babi ɗaya ya raba wa mutane su ɗanɗana, sai aka tarar injin shagon ba shi da wannan salon. Rubutu ya fito tsirara: qasa, xanye, vawo. Mai shagon ya duba, ya ce a ransa tsufa ya kama Malam har yana danna haruffan da ba su ba. Sai ya yi masa alheri. Ya umarci injin ya mai da kowane q ya zama k, kowane x ya zama d, kowane v ya zama b, tun daga shafin farko har na ƙarshe, ya buga babin kwafi hamsin, ya ce, "Na ɗan gyara maka 'yan kurakurai, Malam." Malam ya yi godiya, ya koma gida ya juye gyararren a kan nasa na asali. Idonsa ya riga ya fara rauni, bai lura da komai ba.

Mu ma da aka raba wa ba mu lura ba. Kun san halinmu da karatu: ka ga daki ka karanta ɗaki, ka ga daya ka ce ɗaya, kai ne kake sa ƙugiyar da kanka ba ka ma sani ba. A babin nan akwai maganin kumburin ciki. An ce a jiƙa wani sassaƙe a sha, sannan a gasa ganyen tumfafiya sama-sama, "a kara ganyen a ciki," wato a manna shi a kan tumbi, kamar yadda kake kara waya a kunne. Wannan kalmar dama ba ta da ƙugiya. Amma Haladu mahauci, wanda ciki ya dama, ya karanto shafin tun daga sama yana sa wa kowane k ƙugiyarsa, da ya iso nan ma sai ya sa. Ya karanta "a ƙara ganyen a ciki." Ya ƙara shi a cikin tukunyar, ya tace, ya sha kofi guda. Kwana uku ya yi a asibiti yana amai, iyalinsa sun fara fid da rai, Allah ya sa da sauran kwana.

Kasuwa ta ɗauka cewa littafin Malam Badamasi na kisa. Mutumin da ya shekara talatin yana tambayar abin da ke cutarwa don ya kare mutane, shi ake nunawa da baki. Ya bi gida-gida yana karɓar takardun nan, ya samu arba'in da shida, ya ƙone su a tsakar gidansa, ya rantse ko shafi ɗaya ba zai sake fita ba sai kowace ƙugiya ta koma inda take, kuma sai ya gani da idonsa. A watan ne likita ya gaya masa hawan jinin ido ne ke damunsa. Na dama ya tafi, na hagu yana tsukewa kamar mai leƙe ta ramin makulli, maganin ɗigawa jinkiri kawai zai yi masa. Likitan ya ce duk karatun da yake da shi ya yi shi kafin kaka ta wuce, lokacin kuwa damina ta fara sauka. Ana cikin haka injin ma ya tsaya. Filashin ya kwaso masa cuta daga shagon, ya fara nauyi, ran nan ya ƙi buɗewa ɗungurungum. Masu gyara biyu suka duba, suka ce babbar manhajar da ke kansa ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita, sabuwar kuma ta fi ƙarfin wannan tsohon inji, sai dai a goge komai ko a sayi sabo. Filashin ma cutar ta cinye abin da ke kansa. Na je gaishe shi na tarar da shi zaune gaban baƙin allo, ban taɓa ganin ya karaya haka ba, ni kaina sai da tausayinsa ya kama ni.

A nan mutum uku suka shigo, kuma a kansu gardamar take.

Na farko Isiyaku, ɗan wani amininsa marigayi, mai gyaran rediyo da waya a tashar mota. Ba shi da yawan magana, in ka gaishe shi sau biyu ka takura masa. A jikin makullan shagonsa akwai wani filashi da ya shekara biyu yana yawo da shi, abokan sana'arsa suna yi masa dariya. Abin da ke ciki wata babbar manhaja ce, irin wadda ke tashin inji ta riƙe duk sauran ayyukansa. Ba kamfani ɗaya ya yi ta ba. Mutane ne barkatai a ƙasashe daban-daban suka haɗa hannu kamar masu aikin gayya, suka ce kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya ba wani, in ya iya ma ya buɗe cikinta ya gyara. Isiyaku ya zo da hantsi, ya soka filashin, ya tashi injin daga kansa ba tare da ya taɓa abin da ke ciki ba. Injin da aka yi wa ta'aziyya ya buɗe ido, kuma da sauri. Ya lalubo ya lalubo, can ya ce, "Baba, ga littafinka."

Malam ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa allon. Da ya tabbata, sai tsohon malamin daji ya motsa a jikinsa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kama ɓarayin itace. Ya ce, "Ita wannan ina lasisinta?"

"Ba a sayar da ita, Baba."

"To satowa ka yi ke nan."

"Masu ita ne suka ce a ɗauka."

"Haka kawai? Uwarsu ɗaya da kai?"

Isiyaku dai ya kwafe littafin wuri uku, ya girka manhajar a injin, kafin azahar ya koma tasha. Aikin safiya ɗaya ne. Amma da bai zo ba, da an goge injin nan, kuma da babu abin da sauran biyun za su yi aiki a kai.

Ta biyu Barira, 'yar ƙanensa, mai koyar da lissafi a sakandaren 'yan mata, uwar 'ya'ya uku. Littafi ya tsira, amma gyararren mai shago ne, ba ƙugiya ko ɗaya. Ta duba ta ga manhajar tana da haruffan Hausa na gaske, waɗanda ba sa rikiɗa in an kai su wani inji, sai dai an ajiye su inda sai ka haɗa yatsa uku kafin su fito, Baffanta kuwa da biyu ya saba. Tun da ba a kulle komai ba, ta buɗe inda aka tsara madannan rubutu, ta mai da ƙugiyoyin kan q da x da v, inda yatsunsa suka riga suka sani. Ta ƙara girman rubutu, ta mai da shi fari a kan baƙi don idonsa ya huta. Sannan ta zauna ta rubuta wata 'yar dabara da ke bin littafin kalma-kalma. Inda kalma fuska ɗaya gare ta, irin daya ko bawo, ta mayar mata da ƙugiyarta. Inda fuska biyu ne, irin kasa da ƙasa, baki da baƙi, bata da ɓata, kara da ƙara, kada ta taɓa, ta shafa mata rawaya ta wuce. Sau biyu tana maƙalewa, ta rubuta tambaya a dandalin masu manhajar na intanet, wani mutum daga ƙasar da ba ta iya faɗin sunanta daidai ba ya ba ta amsa, bai tambaye ta ko ita wace ce ba. Da ta gama ta aika musu da tsarin madannanta, suka karɓa suka sa don wasu su amfana. Mako bakwai ta yi, duk hutun makarantarta ya tafi a nan, mijinta har ya fara tambaya ko kwamfutar ce ta aure ta.

Da aka ƙidaya kalmomin rawaya sai aka samu dubu goma sha ɗaya. Malam ya ce shi zai bi su da kansa. Ya gwada, kalma arba'in yake yi a yini kafin idon ya cika da ruwa. Barira malamar lissafi ce, ta buga a ranta ta ga wata tara ke nan, shi kuwa bai fi uku a hannu ba. Ba ta gaya masa ba, ta fita zaure ta share hawayenta. Da ba don aikinta ba, da ba wanda ya san ma inda ƙugiyoyin suka zube, balle a mayar da su. Amma aikin nata a nan ya tsaya.

Ta uku Malama Tabawa, tsohuwar shugabar firamare, maƙwabciyarsa, mace mai kaifin harshe wadda rabin garin ya sha bulalarta. Ita ba ta san komai a cikin kwamfuta ba, da za ka ce mata ana zuba mata mai da ta tambaye ka lita nawa. Abin da ta sani shi ne mutane, da kuma inda kaya suke kwance. Ta tuna akwai tsofaffin injuna jibge a sito na makarantar da ta bari, an yanke musu hukuncin sun mutu. Ta yi sawu uku a ofishin ilimi har aka gaji da ita aka ba ta aron tara. Isiyaku ya sa musu manhajar, bakwai suka tashi. Aka jera su a rumfar ƙofar gidan Malam.

Saura masu zama a gabansu, kuma nan ne wuyar take, don sunan littafin ya riga ya ɓaci, ba mai son a ce da hannunsa a ciki. Tabawa ba ta fara da kowa ba sai Haladu. Ta same shi a rumfar nama ta ce, "Kai Haladu, na koya maka karatu, ka je ka karanta abin da ba a rubuta ba. Laifin rabi naka ne, rabi nawa. Gobe ka wanke hannu ka zo mu gyara." Ya ce, "Malama, ni da na kusa mutuwa?" Ta ce, "Shi ya sa. Kai ka fi kowa sanin abin da ƙugiya ke yi." Washegari aka ga Haladu zaune a rumfar Malam, kafin mako ya zagayo an samu mutum goma sha shida: tsofaffin malamai, magatakardan kotu mai ritaya, ma'aikatan jinya biyu, har da ladanin unguwa. Da yawansu ba su taɓa dafa madannai ba, suna tsoron kada su ɓata. Ita ta fara zama a gabansu tana koyo, tana kuskure da ƙarfi tana zagin injin, har kowa ya saki jiki. Ta kafa doka biyu. Wanda ya koyi abu ɗaya ba ya tashi sai ya koya wa na kusa da shi. Kuma duk kalmar rawaya da ma'anarta ta fito fili a gyara, amma in ta shafi sha, ko shafawa, ko yawan abin da za a zuba, ba mai yin hasashe, a karanta wa Malam da ƙarfi shi ya yanke. Yana zaune a tsakiya kan kujera, ana jefo masa jimla daga nan da can, yana cewa da ƙugiya, ba ƙugiya. Dubu goma sha ɗayan nan, ɗari shida kawai suka iso gabansa. Mako biyar aka gama.

Ana yankan gero ya fara bin littafin da sauran idonsa, shafi-shafi, ana karanta masa yana dubawa, da manyan haruffan Barira, kwana goma sha tara. Da ya zo kan tumfafiya sai ya goge jimlar gaba ɗaya, ya rubuta a ɗora ganyen a kan fatar ciki, kada a kuskura a sha. A shagon nan na bakin kasuwa aka buga shi, don mai shagon da kansa ya zo ya ba da haƙuri, ya kuma roƙi a sa masa manhajar. Malam ya riƙe kwafin farko ya karanta sunansa a bango. Haladu ne ya ɗauki na biyu ya ajiye a rumfarsa yana nuna wa masu sayen nama. Kafin azumi idon ya rufe.

Ita kuwa manhajar ba ta tsaya a rumfar ba. Duk wanda ya yi aikin nan ya koma gida yana son a sa masa, daga nan ta shiga kemis, ta shiga makarantu, ta shiga ofishin 'yan tasha. Sunanta na asali ya yi wa mutane nauyi a baki, suka sa mata Ta-kowa. Ni mai son bin diddigi ne, na riƙa tambayar mutane me suka gani a jikinta. Wani ya ce ta tashi injin da ya jefar a ƙarƙashin gado, kuma ba wanda ya zo yana tambayarsa lasisi. Ɗayyabu mai kemis ya ce shekara ashirin ana rubuta masa Dayyabu, sai yanzu ya ga sunansa a takarda. Wata ta ce ita ba ruwanta da duk wannan, abin da ta sani in ta maƙale maƙwabciyarta ta san mafita. Kowa da nasa dalilin, kuma in kun lura kowane dalili da mai shi a cikin ukun nan.

To ga inda gardamar take. Akwai littafin hannu guda ɗaya da Malam bai taɓa juyewa a inji ba. A cikinsa ne itatuwan da ke kisa suke, da makarin kowanne. Tsofaffin da suka ba shi sun sa shi ya yi alkawarin ba zai baza shi ba, hannu ɗaya zai miƙa wa, shi ma ya miƙa wa hannu ɗaya. Yanzu ba ya iya karanta shi, kuma ya ce ba zai mutu da shi a ƙarƙashin matashi ba, zai ba wanda ya fi yi masa rana a cikin ukun nan. Ya tara su ya faɗa musu. Isiyaku ya ce shi abin wasu ya ɗauko, a ba Barira. Barira ta ce, "Baffa, ni lissafina cewa ya yi ba za a gama ba, Malama ce ta ƙaryata shi." Tabawa ta ce ita ko kunna injin ba ta iya ba sai an nuna mata, da Isiyaku bai tashi matattun nan ba da mutanenta sun zauna suna kallon juna. Suka tashi suka bar shi da littafinsa a cinya.

Sai ya aika aka kira ni, wai in ba shi shawara. Na ce Isiyaku, don shi ya riƙe abin nan lokacin da ake yi masa dariya, kuma shi ya fid da littafin daga kabari. Ya ce safiya ɗaya fa ya yi. Na ce to Barira, ita ta fi wahala, kuma aikinta ya wuce garin nan. Ya ce da aikinta kaɗai ne, da idonsa ya rufe yana kan kashi ɗaya cikin uku. Na ce Tabawa ke nan, ita ta dawo masa da mutane da mutuncinsa. Ya ce mutanen da ta tara, a kan injin wa suka zauna, kuma rawayar wa suka bi? Duk wanda na ambata sai ya rushe, in na bar shi kuma ya koma yana yabonsa. Na gane ba gardama yake yi da ni ba, shi ma bai sani ba ne, kuma abin yana cin ransa. Kullum in na je gaishe shi littafin na hannunsa yana shafa bangonsa, jikin kuma kullum ƙara ja baya yake yi. In ya tafi bai miƙa ba, alkawarin tsofaffin nan ya karye a wuyansa, makarin da ke ciki kuma ya bi shi.

Ni dai nawa wayon ya ƙare. To ku da kuka ji komai, wanda ya kawo ta, da wadda ta gyara ta, da wadda ta tara mata jama'a, a hannun wa makahon nan zai sa littafinsa?